Yadda Ake Ciyar da Kyanwa Abinci Mai Gina Jiki

Kyanwa tana iya shafe watanni tana cin abincin da bai dace da jikinta ba ba tare da ta nuna wata alama ba, sai lahanin ya yi nisa sannan mai ita ya lura cewa gashinta ya dusashe, ko ta rame, ko kuma ta yi ƙiba har lasar bayanta ta gagare ta. Yawanci ba rowa ce ke jawo hakan ba, domin masu kyanwa da yawa suna ba ta fiye da abin da take buƙata. Kuskuren yana wurin ɗaukar cewa duk abin da ya ƙosar da mutum ko kare zai wadatar da ita, alhali halittar jikinta daban take.

Mataki na farko: a san irin jikin da ake ciyarwa

Kyanwa maciyar nama ce ta dole. Kare yana iya rayuwa da haɗin nama da hatsi da ganye, amma ita akwai sinadaran da jikinta ba ya iya haɗawa da kansa gwargwadon buƙata, kuma a jikin dabba take samunsu. Mafi shahara a cikinsu shi ne wani sinadari da ake kira taurin (taurine). Idan ya yi ƙaranci a abincinta na dogon lokaci, ganinta yana raguwa har ya kai ga makanta, tsokar zuciyarta kuma ta saki ta kasa harba jini yadda ya kamata. A shekarar 1987 ne masu bincike a Jami'ar Kalifoniya da ke Debis, a Amurka, suka tabbatar da alaƙar wannan ciwon zuciya da ƙarancin taurin, daga nan kamfanoni suka ƙara yawansa a abincin kyanwa, ciwon kuma ya ragu matuƙa.

Haka lamarin yake da bitamin A. Mutum yana cin karas jikinsa ya sarrafa abin da ke ciki ya mayar da shi bitamin ɗin, kyanwa kuwa ba ta iyawa, sai ta same shi a shirye daga hanta da sauran sassan dabba. Ko ɗanɗanon zaƙi ma ba ta ji, saboda ƙwayar halittar da ke sa harshe ya gane zaƙi ba ta aiki a jikinta. Saboda haka shinkafa da taliya da burodi, ko da ta karɓa ta ci don yunwa ko don ƙamshin maiƙon da ke jikinsu, cika ciki ne kawai. Abincin kare shi ma ba ya maye gurbin nata. Ci ɗaya ba zai cutar da ita ba, amma dogaro da shi yana kai ta ga irin ƙarancin da aka ambata.

Mataki na biyu: a zaɓi cikakken abinci

Hanya mafi sauƙi kuma mafi aminci ita ce a sayi abincin da aka haɗa musamman domin kyanwa, a kuma karanta rubutun da ke jikin jakar ko gwangwanin kafin a biya. Abu na farko da za a duba shi ne ko an rubuta cewa cikakken abinci ne, domin akwai waɗanda aka yi su a matsayin ƙari kawai, kuma sau da yawa su ne suka fi kyan fakiti. Wanda aka haɗa bisa ƙa'idojin AAFCO ta Amurka ko FEDIAF ta Turai, ƙungiyoyin da ke tsara ma'aunin abincin dabbobi, yakan bayyana hakan a rubuce. Abu na biyu shi ne shekarun da aka yi abincin dominsu: na 'ya'yan kyanwa ya fi ƙarfi da yawan furotin, kuma shi ake ba su har su cika shekara guda, shi ne kuma ya dace da uwa mai ciki ko mai shayarwa. Na uku, a ga cewa nama ko kaji ko kifi suna sahun gaba a jerin kayan haɗin.

Ana yawan muhawara a kan busasshen abinci da mai laima. Busasshe ya fi araha da sauƙin ajiya, amma ruwan da ke cikinsa bai wuce kashi 10 cikin ɗari ba, yayin da na gwangwani ko ƙaramin fakiti yake ɗauke da kashi 70 zuwa 80. A ganina, wanda yake da hali ya haɗa biyun, ko da sau ɗaya ne a rana zai ba da mai laimar, saboda dalilin da zai zo a batun ruwa.

Mataki na uku: a auna, kada a yi kirdado

Nan ne masu ƙaunar kyanwarsu suka fi yin ɓarna. Babbar kyanwa mai nauyin kilo 4, wadda aka yi wa aikin hana haihuwa kuma take zaune a cikin gida, tana buƙatar kalori 200 zuwa 240 a rana. A yawancin busasshen abinci, wannan ya kama kimanin giram 50 zuwa 65 ne kacal, abin da idan aka zuba shi a kwano zai yi wa ido kaɗan ƙwarai, har mutum ya ji kamar zalunci yake yi. Ba zalunci ba ne. Ƙaramin sikelin kicin ya fi kofi ko tafin hannu, domin ƙarin giram 10 kowace rana, da ba a ko ganinsa, shi ne yake taruwa ya zama teɓa a cikin shekara, ita kuwa ƙiba tana buɗe ƙofar ciwon suga da ciwon gaɓoɓi da matsalar mafitsara. Adadin da aka rubuta a jikin jaka wurin farawa ne, ba hukunci ba.

Abin da zai nuna ko an dace shi ne jikin kyanwar. A shafa gefen ƙirjinta da tafin hannu a hankali: ya kamata a ji haƙarƙarinta ƙarƙashin ɗan siririn kitse, kamar yadda mutum yake jin ƙasusuwan bayan hannunsa idan ya shimfiɗa shi. Idan sai an danna sosai sannan a ji, ta yi ƙiba. Idan kuma ana ganin ƙasusuwan da ido, ta rame. A kuma kalle ta daga sama tana tsaye, a ga ko ƙugunta ya ɗan shiga ciki bayan haƙarƙari. Likitocin dabbobi suna auna wannan da maki 1 zuwa 9, inda 5, wato tsakiya, shi ne daidai. Idan ta riga ta yi ƙiba, a rage a hankali, kada ramar ta wuce kashi 1 zuwa 2 cikin ɗari na nauyinta a mako. Kayan ƙwalama da ake ba ta ban da ainihin abincinta kuma su tsaya ƙasa da kashi 10 cikin ɗari na abin da take ci a yini.

Mataki na huɗu: a tsara lokutan ci

Kyanwar da ke farauta ƙananan dabbobi take kamawa sau da yawa a yini, don haka cikinta ya fi son kaɗan-kaɗan. Babba takan wadatu da ci biyu ko uku. 'Ya'ya suna fara taɓa abinci mai laushi tun suna da mako huɗu, a yaye su wajen mako takwas, a riƙa ba su sau uku ko huɗu har su kai wata shida. Abinci mai laima ba a barinsa a kwano ya wuce awa ɗaya ko biyu, musamman lokacin zafi. Ragowar gwangwani a rufe a sa a firji, a bari sanyin ya sake kafin a ba ta, domin da ƙamshi take zaɓen abinci, sanyi kuwa yana danne ƙamshi.

Mataki na biyar: a kula da ruwa

Kakannin kyanwar gida kyanwoyin daji ne na busassun yankunan Gabas ta Tsakiya da Arewacin Afirka, waɗanda suke samun mafi yawan ruwansu daga abin da suka farauto, kuma har yau ba ta cika jin ƙishi da wuri ba. Tana buƙatar kimanin mililita 50 a kan kowane kilo na nauyinta a rana, wato wajen mililita 200 ga mai kilo 4, har da wanda ke cikin abinci. Wadda busasshe kaɗai take ci sau da yawa ba ta shan abin da zai cike gurbin, fitsarinta sai ya yi kauri. A ajiye ruwa a wuri fiye da ɗaya, nesa da kwanon abinci da wurin ba-haya, a cikin faffaɗan kwano na tangaran ko ƙarfe, a riƙa sauya shi kullum.

Madara ba ta cikin lissafi. Yawancin kyanwoyi suna rasa ikon narkar da sukarin madara bayan yaye, shi ya sa wadda ta lashe kwano da marmari da safe takan yini da gudawa. Jaririyar da ta rasa uwa ma ba madarar saniya ake ba ta ba, akwai wadda aka haɗa musamman domin irinta.

Mataki na shida: a kawar da abin da ke cutar da ita

Albasa da tafarnuwa, ɗanye ko dafaffe ko gari, suna lalata jajayen ƙwayoyin jininta, kuma wannan shi ne babban dalilin da ya sa ragowar girkin mutane ba nata ba ne, tunda da wuya a sami miya ko romon da babu su. Cakulan da gahawa da shayi da barasa da ɗanyen ƙullun burodi mai yis duk haɗari ne, inabi da zabibi ma a nisanta su da ita. Dafaffen ƙashi yana tsagewa ya soki maƙogwaro ko hanji. Wasu nau'o'in ɗanyen kifi suna ɗauke da sinadarin da ke lalata bitamin B1, ɗanyen nama da ƙwai kuma suna iya kawo ƙwayoyin cuta irin su salmonela ga kyanwar da mutanen gidan baki ɗaya. Ko da ba abinci ba ne, ya dace a ambata cewa ƙwayar farasitamol guda ɗaya tana iya kashe kyanwa.

Mataki na bakwai: idan a gida za a dafa

Ana iya yi, amma ya fi yadda ake zato wuya. Tsokar nama zalla tana da sinadarin fosfaras da yawa da sinadarin kalsiyam mai gina ƙashi kaɗan, kuma ɗan kyanwar da aka raina da ita kaɗai ƙasusuwansa sukan yi laushi su lanƙwashe ko su karye. Hanta tana da amfani, amma yawanta yana tara bitamin A har ya sandarar da ƙashin wuya. Dafaffiyar kaza ko kifin da aka cire wa ƙaya, ba gishiri ba yaji, suna da kyau a matsayin ƙari lokaci-lokaci. Wanda kuwa yake so girkin gida ya zama abincinta na kullum, sai ya nemi likitan dabbobi ya tsara masa haɗin da ma'auninsa, ya kuma bi shi ba tare da musanya wani abu da wani ba.

Mataki na takwas: a sauya a hankali, a sa ido

Duk sabon abinci ana shigar da shi ne cikin kwana 7 zuwa 10: a fara da kashi ɗaya cikin huɗu na sabon a gauraya da tsohon, bayan kwana biyu ko uku a kai rabi, sannan kashi uku, har tsohon ya fita. Idan ta ƙi, kada a ce yunwa za ta koya mata hankali. Kyanwar da ta daina ci na kwana biyu ko uku, musamman mai ƙiba, kitse yana iya taruwa a hantarta ya hana ta aiki, ciwon da ke kisa idan ba a yi gaggawa ba, don haka ƙin ci na yini guda cur ya isa dalilin tuntuɓar likita. Haka nan idan ta fara shan ruwa fiye da kima, ko tana ci sosai amma tana ramewa, alamun da ake gani a ciwon suga da na ƙoda musamman ga waɗanda suka manyanta, a kai ta a yi mata gwajin jini da na fitsari. Muzurun da aka ga yana yawan tsugunawa yana yunƙurin fitsari ba ya fita kuwa, ba a jira gari ya waye kafin a kai shi asibitin dabbobi.