Kafin ka sa almakashi a fulawar maƙwabci a Ingila

Assalamu alaikum ƴan uwa, musamman ku da kuke shirin tafiya Ingila, masu karatu da masu aikin jinya da kula da tsofaffi, da waɗanda ma sun riga sun sauka suna neman gidan haya. Satin da ya wuce muna zaune a ƙofar gida nan Gwammaja bayan isha'i sai ga kiran ɗan yayata daga Lesta, muryarsa har rawa take, wai Kawu ejan ɗin gida ya turo min takarda, maƙwabciyata ta kai ƙarata. Nace subhanallahi me ka yi mata? Ashe shingen fulawar da ke tsakanin lambunsu da nata ne ya yi tsayi ya tare rana, matarsa kullum tana ƙorafin shanya ba ta bushewa, shi kuma ranar Asabar ba shi da aiki sai ya aro almakashi ya sare kan fulawar nan gaba ɗaya, har ya zagaya ya gyara mata nata ɓarin, a ransa alheri ya yi yana jiran ta fito ta ce an gode. Tsohuwa ta dawo daga unguwa ta gani ta fashe da kuka, marigayi mijinta ne ya dasa ta da hannunsa.

Shekara 9 na yi a Ingila kafin na dawo gida, kuma wallahi ban ga abin da ke haɗa mutanenmu faɗa da Turawa cikin rashin sani irin maganar shinge ba, sai dai ko wajen faka mota da kwandon shara.

Mu ai kun san yadda muka taso. A cikin birni katanga ɗaya ce tsakanin gida biyu, kai ka jingina ɗakinka ni na jingina nawa, ka ɗora azararka a kai babu mai cewa don me, har hadisi muke da shi na Abu Huraira cewa kada maƙwabci ya hana maƙwabcinsa kafa itace a katangarsa. Reshen mangwaro ko goba ya leƙo gidanku, yara sun samu. Darbejiyar maƙwabci ta dame ka da ganye ka aika yaro da adda, iyakaci ka faɗa masa in kun haɗu a masallaci. In kuma abu ya yi tsami, indararon wani na zuba a gidan wani ko an ci iyaka wajen sabon gini, ga dattawan layi, ga liman, ga mai unguwa, in ta gagara a je gaban dagaci ko Hisbah. Toh can babu mai unguwa. Babu wanda zai zaunar da ku ya ce kai yi haƙuri kai ma yi haƙuri, takarda ce ke magana, kuma kowane fens da kowace fulawa akwai mai ita ko da kai baka san shi ba.

Za ka ji mutane, har Turawan kansu, suna cewa wai fens ɗin hagu ne naka na dama na maƙwabci, wasu su ce ɓarin da ginshiƙan suke kallo shi ne mai shi. Babu wata doka da ta ce haka. Abin da ake dubawa takardun gida ne. Akwai ofishin rajistar filaye na gwamnati, Land Registry, kamar dai KANGIS ɗinmu na nan, kowa zai iya shiga intanet ya biya ƴan fam kaɗan ya sauke takardar mallaka da taswirar kowane gida da aka yi wa rajista, har na maƙwabcinka. A tsofaffin takardun cinikin gida wani lokaci za ka ga alamar T a jikin layin iyaka, in T ɗin na ɓarinka toh kula da wannan shingen a wuyanka yake, in biyu ne sun haɗu kamar H na ku biyu ne. Gidaje da yawa kuma babu alamar komai.

Amma fa kada ka riƙe taswirar nan ka je kana nuna wa mutum jan layi kana cewa ka ci min taku biyu. Dokar rajistar filaye ta 2002 da kanta ta ce wannan layin iyaka ce ta gaba ɗaya, ba awo ba ne. Taswirar cikin gari yawanci ma'auninta 1:1250 ne, wato milimita ɗaya a takarda mita ɗaya da kwata ce a ƙasa, kaga kaurin jan layin ma kawai ya isa ya haɗiye abin da kuke faɗa a kai. A nan ne mutane ke halaka dukiyarsu, a ɗauko safiyo a ɗauko lauya a tafi kotu, a kashe dubban fam a kan tsirin ƙasar da ko tabarma ba za ta shimfiɗu a kai ba.

Yawancinku dai haya za ku kama, saboda haka naku da sauƙi in kun kiyaye. Ranar da aka ba ka makulli ka ɗauki hoton lambun ta kowane ɓari, fens ɗin da fulawar da duk inda ya karye, ka tura wa ejan ta imel ka tambaye shi wanne ne na gidan nan, wanne ne aikina a cikin yarjejeniyar haya. A rubuce fa, ba a waya ba. Difozit ɗinka, wato kuɗin ajiyar da kake bayarwa in za ka shiga gida, na iya kai kuɗin hayar sati 5, kuma daga ciki za a cire in aka ce ka ɓata wani abu.

Yanzu abin da ka ke da ikon yi. In reshe ko jijiyar bishiyar maƙwabci ta tsallako cikin gidanka, kana iya yankewa daidai kan iyaka, ba ka wuce ba, ba ka taka cikin gidansa ba, ba ka miƙa hannu ta sama ka yanko na ciki ba, kuma ba yankan da zai kashe bishiyar ba. Abin da zai ba ka mamaki, abin da ka yanko ɗin ma nasa ne, sai ka tambaye shi ko yana so, in ya ce a'a kai za ka san yadda ka yi da shi, kada ka kuskura ka wurga masa ta kan shinge. Tuffa ɗin da ke reto a reshen da ya leƙo gidanka ita ma tasa ce, ku ja wa yara kunne don Allah, su ba su san wannan ba. Wasu bishiyoyin kuma kansil, wato ƙaramar hukuma, ta sa musu dokar kariya, sai da izininta za ka taɓa su, wasu unguwannin ma duk an keɓe su, a can sai ka ba kansil sanarwar sati 6 kafin ka taɓa bishiya, kira ɗaya ko duba shafinsu zai faɗa maka. Sannan tsuntsaye. Dokar 1981 ta sa lalata sheƙar tsuntsu da gangan alhali yana cikinta ko yana gina ta laifi ne, shi ya sa daga Maris zuwa Agusta mutane ke kaffa-kaffa da yankan fulawa, ka leƙa ciki da kyau tukuna.

Tsayin fulawar da ba taka ba kuwa, wannan ba hurumin almakashinka ba ne ko da ta rufe maka rana ruf, nan ne ɗan yayata ya faɗa. Akwai wata bishiya da suke shinge da ita, lailandi, ba ta zubar da ganye kuma tana iya ƙara kusan mita ɗaya a shekara, ta haɗa maƙwabta faɗa har sai da aka sa maganarta a cikin dokar 2003. Dokar ta ce in shingen na bishiya biyu ne ko fiye, irin masu ganye duk shekara, ya wuce mita 2, yana kuma tare maka haske, kana iya kai kuka kansil. Sai dai za su fara tambayarka ka yi magana da shi? ina shaida? kuma yawanci sai ka biya kuɗi, a wasu wuraren ɗaruruwan fam. In sun ga kana da gaskiya za su ba shi umarni ya rage, in ya ƙi ana iya cin tararsa har fam 1,000. Wannan duk na Ingila da Wales ne, Sikotilan tasu dokar daban ce, ta 2013.

Akwai kuma abin da ya shafe mu mu kaɗai, kuma na san zafinsa, wato sutura. Mun saba da doguwar katanga, mace ta fito tsakar gida ta yi wanki ta yi girki babu mai ganinta, sai ka je can ka tarar fens iya ƙirji, maƙwabci na shan shayi yana kallon lambunka. Maigida sai ya ce bari na ƙara tsayi. Ba tare da izinin kansil ba iyakarka mita 2 ne, in kuma ta gefen titi ne mita 1, kuma ragar katakon da ake ɗorawa a sama ita ma ana lissafa ta cikin tsayin. In fens ɗin na maƙwabci ne ba za ka ɗora masa komai ba, ba ƙusa, ba igiyar shanya, ko fenti ka shafa a ɓarinka ba da izininsa ba yana iya cewa ka yi masa ɓarna ya kira ƴan sanda, kai kuma da kake jiran takardar zama ba ka buƙatar sunanka a irin wannan. Ka kafa naka abin a cikin filinka, da izinin mai gida, ko ka jera dogayen shuke-shuke a tukwane. Fasassun kwalabe da waya mai ƙaya irin tamu ta nan kuwa ka manta da su, ko wanda ya hauro ne ya ji ciwo abin na iya dawowa kanka.

Masu sayen gida, kafin ku taɓa bangon da kuka haɗa da maƙwabci akwai dokar 1996 da ta ce a ba shi sanarwa a rubuce wata 2 kafin aiki. Kuma ku sani duk rigimar da kuka yi, ranar sayar da gidan akwai fom TA6 da dole ku bayyana ta, mai saye ya gani ya ja baya ko ya karya farashi.

Wani abin da nake so ku gane, Bature ba zai fito ya yi maka hayaniya a ƙofar gida kamar yadda muke yi a huce ba. Zai gaishe ka da murmushi, ya koma ciki ya rubuta rana da lokaci ya ɗauki hoto, sai dai ka ga takarda. Shirunsa ba yarda ba ce. Amma kuma a shekarun da na yi ban taɓa ƙwanƙwasa ƙofar wani na ce ina so na rage reshen nan me ka gani ya hana ni ba, wani ma shi zai kawo maka tsani. In abu ya riga ya cakuɗe ka je Citizens Advice, ofishin ba jama'a shawara, kyauta ne, kuma kansiloli da yawa na da masu sulhun maƙwabta.

Ɗan yayata dai na ce masa kada ya amsa takardar ejan da zafi, ya ɗauki matarsa su je har ƙofar tsohuwar nan da rana, ya ce mata na yi kuskure ban san taki ba ce, ya ba ta haƙuri a baki ya kuma rubuta a takarda, ya ce zai biya mai gyaran lambu ya zo ya duba ko za ta sake tofowa. Jiya ya kira ni, ta buɗe musu ƙofa, ta ce ba za ta kai maganar gaba ba, mai lambun kuma zai zo ranar Talata.