Darasi na 7: Fara Koyon Jita a Gida

Jita ba baƙuwa ba ce ga kunnen Bahaushe. Danginta suna nan tun kaka da kakanni: garaya da gurmi masu tsirkiya biyu, molo mai uku, da kuntigi mai ɗaya tak, wanda marigayi Ɗanmaraya Jos ya yi suna da shi har ya rasu a 2015. Ita jita tsirkiyarta shida. Kada yawan ya firgita ka, don yau da yatsu biyu za mu fara.

In za ka saya, ko a Sabon Gari ko a hannun wani ɗalibi a Samaru, ka tafi da wanda ya iya. Abin dubawa na farko shi ne wuyanta. In ya lanƙwashe, tsirkiya za ta yi nesa da katako, dannawa ta zama wahala. Mai tsirkiyar roba ta fi sauƙi a yatsa, mai ta ƙarfe ta fi amo. Ni dai ta roba nake ba ɗan koyo shawara.

Zauna a kujera marar hannu. Ɗora jitar a cinyar dama, wuyanta ya kalli hagu. Hannun dama ke kaɗawa, na hagu ke dannawa, saboda haka ka yanke farcen hagu ƙwarai.

Ana ƙirga tsirkiya daga ƙasa. Siririyar ita ce ta 1, mai kaurin da ke sama ita ce ta 6. Daga sama zuwa ƙasa sunayensu su ne E, A, D, G, B, E. Ka ga, baƙaƙen da muka koya a aji ne. Rubuta su a takarda ka manna a bango. A kan jitar akwai 'yan kunnuwa shida da ake murɗawa. In ka ɗaure, murya ta yi sama. In ka sassauta, ta yi ƙasa. Akwai manhajar waya ta kyauta da ke sauraron tsirkiya ta nuna maka ko ta daidaita. Murɗa kaɗan-kaɗan, musamman siririyar, don ba ta da wuyar tsinkewa.

Yanzu dubi wuyan. Za ka ga ƙarafa a gicciye sun raba shi gida-gida, ana ƙirga gidajen daga wajen kunnuwa. Sa yatsan tsakiya a tsirkiya ta 5, gida na biyu. Sa na kusa da ƙarami a tsirkiya ta 4, shi ma gida na biyu. Danna da kan yatsa, daf da ƙarfen gaba, ba a bisansa ba. Sai ka shafo duka shida da babban yatsan dama. Wannan haɗin sunansa Em.

In ka ji wata tsirkiya tana ziza, wata kuma ta yi shiru, kada ka damu. Kaɗa su ɗaya bayan ɗaya har ka gano mai laifin. Galibi cikin yatsa ne ya kwanta a kan maƙwabciya. Lanƙwasa yatsun kamar ka riƙe lemo, babban yatsa yana tokare bayan wuyan.

Bayan kwana uku, sauko da yatsun nan biyu zuwa tsirkiya ta 4 da ta 3, ka ƙara manuni a ta 2, gida na ɗaya. Kada ka taɓa ta 6. Ka sami Am.

Gaskiya yatsu za su yi zafi, har tsirkiya ta bar shaida a fata. A nan mutane da yawa ke jingine jita a bayan ƙofa, kuma abin yana ba ni takaici, don cikin 'yan makonni kanta ke fitowa, zafin ya wuce. Minti 15 kullum ya fi awa biyu ranar Lahadi kaɗai. Zaɓi lokacin da ba na salla ba, ba kuma na barcin maƙwabta ba.

Hunturun Zariya kuwa bai bar katako ba. Yana busar da shi har ya tsage. In ka gama, goge tsirkiya da ƙyalle, mayar da jitar jakarta, nesa da rana da murhu.

Aikin wannan mako: kaɗa Em sau huɗu, Am sau huɗu, kana ƙirgawa da baki, ƙafarka tana buga ƙasa. Kada ka yi sauri. Rubuta ranakun da ka yi a littafinka, ka zo da shi aji.