Yadda ake lissafa kuɗin rashin aiki na mako-mako a Amurka

A Amurka kowace jiha da nata lissafin. Dokar tarayya ta 1935 ce ta kafa tsarin, amma ta bar wa jihohi ikon yanke abin da za a biya da inda zai tsaya. Za mu ɗauki Kalifoniya, domin nata lissafin a fili yake.

Da farko nemo watannin da za a duba. Ana raba shekara zango huɗu, wata uku-uku. Hukumar EDD, mai biyan kuɗin rashin aiki a Kalifoniya, tana ɗaukar zanguna biyar na ƙarshe da suka cika, ta ajiye na baya-bayan nan, ta yi aiki da huɗun farko. Idan ka shigar da takarda a watan Mayu, albashin Janairu zuwa Disamba na bara ne ma'auni. Ƙarin albashin da aka yi maka a Fabrairun bana bai shiga ba, kuma a nan ne mutane da yawa ke zaton an cuce su.

Sai ka ɗauki zangon da ka fi samu a ciki, ka raba da 26. Wanda ya samu dala 9,100 zai karɓi 350 a mako, wato kusan rabin albashinsa. Wanda ya samu 20,000 lissafinsa ya haura 760, amma 450 za a ba shi, don nan ne iyakar, kuma tun 2005 ba ta motsa ba. Mafi ƙanƙanta dala 40 ne.

Me ya hana ta motsawa? A Kalifoniya adadin a rubuce yake cikin doka, sai majalisa ta zauna kafin a taɓa shi. Haka Filorida, inda ya tsaya a 275. Massachusetts kuwa ta ɗaura nata da matsakaicin albashin jihar, kashi 57.5 cikin ɗari, ana sabuntawa kowane Oktoba, shi ya sa ya wuce dala 1,000. Wannan ya fi adalci, tunda kuɗin haya ba ya jiran majalisa.

Akwai iyaka ta biyu da ake mantawa da ita. Jimillar abin da za ka karɓa ba za ta wuce kuɗin mako 26 ba, ko rabin duk abin da ka samu a zangunan huɗu, duk wanda ya fi ƙanƙanta. Wanda ya yi aikin wata huɗu kacal kuɗinsa na iya ƙarewa tun kafin mako 26. Makon farko ma na jira ne, ba a biya.

Idan kana ɗan taɓa aiki, faɗi abin da ka samu. Ana yafe dala 25 ko kashi 25 cikin ɗari, wanda ya fi yawa, a cire sauran. Ka samu 200, a yafe 50, a cire 150 daga 350, ka karɓi 200. Ɓoyewa na jawo mayar da kuɗi da tara.

Albashin da aka biya ka hannu da hannu ba tare da an kai rahoto ba, hukuma ba ta gan shi ba. Don haka idan takardar lissafi ta iso, gwada ta da takardun albashinka zango-zango. In ka ga giɓi, nemi gyara cikin kwana 30, ka haɗa da shaida.