Darasi na 7: Yadda ake ɗaura furen hannun amarya

To ƴan uwa mata, darasin wanga mako aikin hannu ne amma akwai lissahi a cikinshi, don haka kowa ta jawo littahinta da biro kusa. Za mu koyi ɗaurin furen nan da amarya ke riƙewa ranar kamu ko wurin walima ko in za a tahi gun mai hoto, wanda ƴan mata ke ce ma buke. Ba gadonmu ba ne, daga Turawa ya zo, mu abin da munka tarar wajen uwayenmu shi ne lalle da turaren wuta da humra, amma yanzu nan Maraɗi ko a unguwar Zariya ko Ali Ɗan Sofo ko Sabon Gari da wuya ki ga hoton amarya hannunta wayam, kuma kuɗin nan wani ake ba, to mi zai hana su shigo hannunki.

Kafin ki tambayi amarya wace kala take so, hwara tambayarta wane wata ne bikin kuma ƙarhe nawa za ta riƙe furen. Wannan ita ce tambayar da ta hi kowace muhimmanci a garinmu. Wardin da kuke gani a hotunan Facebook mai kauri kamar an zana, mafi yawanshi a ƙasashe masu tudu da sanyi ake nomanshi, irin Kenya wajen tabkin Naivasha da ƙasar Habasha, ana yanke shi sai ɗakin sanyi, daga nan jirgin sama, bai taɓa ganin ranar Afirilu ta Maraɗi ba da zahi ke wuce digiri 40. In kinka ɗauko irinshi da bazara, kafin maza su dawo daga ɗaurin aure ya sunkuyar da kai, amarya ta yi ta ɓacin rai, ke kuma sunanki ya ɓaci a banza. Da hunturu, Disamba zuwa Fabrairu, ɗanyen fure kan ɗan jure in an kiyaye shi daga iska. Da bazara kuwa shawarata ki yi amfani da furen roba mai kyau ki haɗa shi da ɗanyen ganye, babu kunya a ciki wallahi, in an iya haɗin sai wanda ya taɓa zai gane.

Akwai abubuwa da yawa a gidajenmu da lambunan bakin Gulbi da na Jiratawa da ba mu ɗauke su bakin komi ba. Furen lalle, ƙananan hwarare masu ƙamshi, ni dai ban ga abin da ya dace da amarya kamarshi ba, tunda ga lallen a hannunta ga ƙamshin furenshi. Furen zogale shi ma hwari ne yana cike gurbi. Reshen yakuwa mai jan ƙoƙo bayan damina yana da kyau ƙwarai kuma ba ya saurin mutuwa, sai dai ki yi hattara, in ya jiƙe ya murje yana rina hwarar shadda. Wajen ganye, na itacen turare da na lemu da na mangwaro su ne masu juriya, ganyen dogon yaro kam kar ki wahalar da kanki, nan da nan yake yaushi. Furen nan mai hawa katanga mai kama da takarda, ja ko ruwan hoda, yana da kyau a ido amma yana da ƙaya kuma in an yanke shi ba ya daɗewa, sai in awa ɗaya ko biyu kawai ake buƙata. Wadda ke da ɗan wuri a gida tana iya shuka ziniya da marigol, wajen wata 2 suke yi su hwara fure, kuma suna jure zahi.

Yanzu ku saurara da kyau, a nan nike son kowa ta ja layi a littahinta. Itatuwa ukku kar su shiga furen amarya: loriye, wanda ake shukawa a ƙohwar ma'aikatu mai dogon siririn ganye da fure ruwan hoda, da kariya, da tumfafiya. Dukansu ruwansu guba ne, na tumfafiya in ya shiga ido yana iya yi mishi lahani. Gidan biki cike yake da ƙananan yara masu kai komi baki, amarya kuma da hannun za ta shafa fuska ta ci abinci, don Allah komi kyan furen ki bar shi a bisa itacenshi.

In ɗanyen fure za ki yi aiki da shi, yanke shi da sassafe bayan sallar asuba lokacin da ya sha raɓa, ki tahi da bokitinki da ruwa a ciki, kina yankewa kina tsomawa. Yanka da wuƙa mai kaihi a karkace, ba a miƙe ba, don bakin karan ya yi faɗi ya sha ruwa sosai. Cire duk ganyen da zai nutse cikin ruwan, shi ke ruɓewa ya toshe karan. Bokitin ya zamo wankakke tas. A lita 1 ta ruwa ki zuba sukari cokalin shayi 2, ruwan lemun tsami cokali 2, sai ɗigon jabel kaɗan, sukarin abinci ne ga furen, jabel ɗin kuma yana kashe ƙwayoyin da ke ɓata ruwa, amma kar ki haɗa jabel da lemun tsami su kaɗai a kofi, tururin da suke hiddawa yana cutar da ƙirji, kowanne cikin ruwan za ki zuba shi. Aje bokitin a inuwa kusa da randa inda ƙasa ke da sanyi ya samu kamar awa 3. Kar ki aje shi kusa da nunannen mangwaro ko ayaba ko tumatir, suna hidda wata iska da ke sa fure ya tsufa da wuri, kuma in za ki sa a firigo to ba wurin ƙanƙara ba.

Sai ɗaurin kanshi. Zaɓi manyan fure 5 ko 7, matsakaita kamar 10, da ganye. Riƙe mahi kyau a hannun hagu tsakanin babban yatsa da manuni, shi ne tsakiya. Ɗauko na biyu da hannun dama ki ɗora shi a karkace bisa na hwarko, kanshi na kallon hagu gindinshi na kallon dama, sai ki ɗan juya abin da ke hannunki ki ƙara wani, ki juya ki ƙara, kullum gefe ɗaya kike juyawa kar ki canza, in kinka canza karan za su sarƙe su karye. Bayan kowane fure 2 ko 3 sa ganye. Hannunki ya yi sako-sako, masu koyo duka matsewa suke yi don tsoron kar ya zube sai furen ya cure wuri guda ba ya numfashi. Ki tsaya gaban madubi ki duba ta gaba, don abin da mai hoto zai gani ke nan ba abin da ke kike gani daga sama ba. In ya yi zagaye, ɗaure da zare mai ƙarhi daidai inda yatsunki suke, yanke gindin karan su zo daidai, tsawon kamar santimita 15, ki naɗe da ƙyallen satin tun daga sama, allurar da za ki kama bakin ƙyallen kuma tsininta ya shige cikin karan kar ya soki amarya.

Wajen kala, ki ce a turo miki hoton leshi ko shaddar amarya da ankon ƙawayenta. In kayanta sun cika ado da duwatsu, furen ya zamo hwari da kore kawai, in kayan lami ne sannan ki sa mai haske. Kala 2, in ta yi yawa 3. Kuma kar ki yi shi ƙato, faɗin santimita 20 zuwa 25 ya isa, amarya ta zauna awa da awa ana mata zanen lalle, ba daidai ba ne furenki ya ruhe shi a hoto.

Ga lissahin. Ku tuna a kuɗin sefa dala 20 a rubuce 100 ce, dala ɗari 500, jikka guda 1000. Farashin nan misali ne na koyo, kowa ta je babbar kasuwa ta tambayo na yau. Mu ce kin sayi furen roba 7 kowane 300, sun zamo 2100. Ƙyalle 500, zare da allura 200, kabu-kabu zuwa da dawowa 400. In kinka haɗa ya tashi 3200. Da yawa daga cikinmu a nan suke tsayawa su ƙara dala ɗari su ce sun ci riba, sun mance zaman da sunka yi da tashin asuba. Sa ladan aikinki, mu ce 1800, jimilla 5000. Karɓi rabi, 2500, tun ranar da anka yi magana ki rubuta, ko ɗiyar ƙanwarki ce, don kuɗin biki in an watse da wuya su hito.

Aikin gida: ki rubuta sunayen itatuwa ukkun da munka ce kar a taɓa. Sannan ki lissafa, in fure 9 za ki saya kowane 350, nawa ke nan, kuma nawa za ki ce ma uwar amarya in sauran kayan ba su canza ba. Mako mai zuwa kowa ta zo da reshen ganye 15 da zare da almakashi, za mu gwada juyin hannun nan a aji har ya zauna.