Yadda na gyara agogo mai magana da ke faɗin lokacin da ba shi ba

A Ingila, in ka buga 123 a tarho, wata murya za ta faɗa maka ƙarfe nawa. Tun 1936 ake wannan aiki a can, Faris kuwa ta riga su, tun 1933. Irinsa na haɗa wa Kaka da idonta ya yi rauni: Arduino, wato ƙaramar kwamfutar da ke sarrafa komai, da guntun DS3231 mai riƙe lokaci, da DFPlayer Mini mai kunna muryar da na naɗa a katin memori.

Sai ga shi allo na nuna ƙarfe huɗu, murya na cewa tara. Lissafin lokacin lafiya lau yake. Ashe in aka ba DFPlayer umarnin kunnawa na gama-gari, ba sunan fayil yake bi ba, jerin da aka kwafa fayilolin cikin katin yake bi. Na goge katin da tsarin ajiye fayiloli na FAT32, na buɗe folda mai suna mp3, na raɗa wa fayilolin 0001, 0002 har ƙarshe, sannan na koma umarnin playMp3Folder, wanda lamba yake bi. Nan take murya ta dace da allo.

Tsuwar da lasifika ke yi kuwa, rizisto (mai rage ƙarfin wuta) ɗaya na ohm dubu ɗaya (1k) tsakanin TX, ƙafar aika saƙo ta Arduino, da RX, ƙafar karɓar saƙo ta DFPlayer, ya kashe ta. Batirin CR2032 ke riƙe lokaci in an ɗauke wuta.