Yadda za ka horar da hannunka a insha'i kafin WAEC da NECO su iso

Ƙannena 'yan SS2 da SS3, abin da ke kayar da yawancinku a insha'i ba rashin basira ba ne, hannu ne bai saba ba, sai ranar jarrabawa yaro ya zauna wai zai rubuta kalmomi 450 cikin minti 50 alhali rabonsa da cika shafi guda da tunanin kansa tun zangon farko. A takardar Turanci ta WAEC insha'i maki 50 ne: 10 na abin da ka faɗa, 10 na tsari, 20 na iya sarrafa harshe, 10 na ƙa'idojin rubutu, kuma a nan kowane kuskure rabin maki yake ci. Dabarar da zan ba ku tana aiki ko da Hausa kake rubutawa ko da Turanci.

Da farko ka ware littafi guda na wannan aikin kawai. Sai ka zaɓi abu ɗaya da idonka ya gani, misali famfon burtsatsen makarantarku da ya lalace, shi za ka juya a satin nan.

Ranar Litinin ka mai da shi labari. Don Allah a bar "wata rana a wani gari", ka jefa mu tsakiyar abin kai tsaye. Ga yarinya 'yar JSS1 da bokiti, tana ta buga hannun famfon yana ƙara amma ko ɗigo babu, hijabinta ya jiƙe da gumi, can sai ga ƙararrawar shiga aji, ga siniyar da ta aiko ta tana jira a hostel. Ta koma da bokiti wayam ne ko ta tsallaka katanga zuwa rijiyar maƙwabta? Labari ke nan fa, mutum ɗaya da matsala ɗaya da shawarar da dole ya yanke. Kada ka ce mana "ta ji tsoro sosai", nuna mana bokitin na rawa a hannunta, mu da kanmu za mu gane. In kuma tambayar ta ce ka ƙare labarin da wata jimla, to ƙarshen za ka fara tsarawa kafin ka ɗora biro a layin farko.

Ranar Laraba famfon dai, amma yanzu jan hankali za ka yi, wasiƙa ga firinsifal kana roƙon a gyara. Adireshi biyu, kwanan wata, gaisuwa, kanu, sa hannu, waɗannan a haddace su. Inda aikin yake shi ne hujja. Ka bayyana matsayarka tun sakin layi na farko, ka kawo dalilai uku kowanne da sakin layinsa, mafi ƙarfin ka ajiye shi ƙarshe: darasin farko da ake rasawa wajen neman ruwa, banɗakuna da ba a iya wankewa, sannan ciwon ciki daga ruwan da ba a san tushensa ba. Abin da ɗalibai suka fi mantawa, kuma ni a ganina shi ke raba mai hankali da mai surutu, shi ne amsa wa ɗaya ɓangaren. Ka san za a ce babu kuɗi, to kai ka riga faɗa, ka ba da shawarar a kai maganar gaban ƙungiyar iyaye da malamai ko tsofaffin ɗalibai. Karin magana ɗaya ta isa, ita ma sai in ta zauna daram.

Ranar Juma'a sharhi. Ku yi musayar littafi da abokinka, ka yi sharhin labarinsa na Litinin: me labarin ya ƙunsa cikin layi uku ba tare da ka tona ƙarshen ba, me ya yi daɗi, ina ya yi rauni, su wa za su ji daɗin karanta shi. "Ya yi kyau sosai" ba sharhi ba ne wallahi, sai ka nuna layin da ya burge ka ka faɗi dalili, haka in ka ce tsakiyar ta yi ja ka nuna wurin. In hannu ya faɗa sai ka koma kan littafin adabin da ke cikin manhajarku, ko labaran gasar Hikayata da BBC Hausa ta fara a 2016 domin mata marubuta, gajeru ne, zama ɗaya ka gama.

Duk rubutun da ka yi ka sa agogo, minti 5 na tsara abubuwan da za ka faɗa, 40 na rubutu, 5 na dubawa. Sannan ka karanta da ƙarfi, inda harshenka ya harɗe nan jimlar take da matsala. A bayan littafin ka buɗe shafin kurakuran da kake yawan maimaitawa, irin su haɗe "ya yi" ya koma "yayi", barin lanƙwasar ƙ da ɗ da ɓ, da gajarce kalmomi irin na WhatsApp, kullum ka leƙa shafin kafin ka fara sabon rubutu. Duk bayan sati biyu ka zaɓi guda ka kai wa malaminku ya sa masa jan biro, ka sake rubuta shi tsaf da gyaran, sannan ka ɗauko sabon batu.