Yadda nake raba yasmin da hunturu lafiya

Tukwane uku na yasmin gare ni a tsakar gida, nan unguwar Zariya a Maraɗi. Duk daga reshe guda suka fito, wanda gwaggona ta yanko mini. Irin mai farin furen nan ne da ke buɗewa da almuru, Misirawa na ce masa ful, masana kuma Jasminum sambac. Ɗan ƙasashen zafi ne na Asiya, in sanyi ya sauka ƙasa da digiri 10 sai ya fara wahala, ƙanƙara kuwa kashe shi take. Yana da wani ɗan'uwa mai rawayan fure, ɗan asalin ƙasar Sin, da ke fure a tsakiyar sanyin Turai, sai dai ba shi da ƙamshi, ni kuwa ban ga amfanin yasmin marar ƙamshi ba.

Mu nan ba ruwanmu da ƙanƙara. A Disamba da Janairu sanyin asuba kan tsaya wajen digiri 13 zuwa 15, da rana kuma zafi ya kusa 30. Abin da ke cin yasmin a garin nan busasshiyar iska ce da ƙura, sai kuma mai shi.

Fara da wuri. Iskar hunturu daga arewa maso gabas take bugowa, don haka ja tukunyar zuwa gindin katangar da za ta tare ta, inda rana ke samunta daga hantsi zuwa azahar. Bango yana shan zafi da rana, ya riƙa sakinsa da dare. In a ƙasa ka dasa, kafa guntun zana ta ɓangaren iskar. Zanar ma ta raba ka da awakin maƙwabta, waɗanda suka fi hunturu ɓarna.

Ruwa ne wurin da na yi kuskure a shekarar farko. Na ga ganye yana yaushi, bakinsa ya ƙone kamar an kanga masa garwashi, sai na ɗauka ƙishi ne, na shiga kwarara masa bokiti safe da yamma. Cikin mako biyu ganyen ƙasa ya yi ɗorawa yana zuba. Gwaggo ta zo, ta cusa yatsa a tukunyar, ta fito da shi da caɓi, ta ce, "Ke 'yar nan, shinkafa kika shuka?" Ashe lokacin sanyi girmansa raguwa yake, saiwar ba ta shan ruwa sosai, in ta kwana cikin laima mai sanyi sai ta ruɓe. Yanzu sai na cusa yatsa har gaɓa biyu, in na ji bushe sannan in ba shi, kuma da hantsi, ba da magariba ba. A gidana yakan kama kwana biyu ko uku. Ka tabbata gindin tukunyar da huda. Saman ƙasar kuma ina rufe shi da ɓawon gyaɗa, kauri kamar yatsu biyu, amma kada ya manne da karan.

Ganyen ne ke son ruwa. Sau biyu a mako ina wanke shi da buta, sama da ƙasa. Juya ganye guda ka duba bayansa da kyau: in ka ga ɗige-ɗige jajaye kamar garin barkono suna motsi, da siririyar saƙa tsakanin rassa, to ƙananan gizo-gizon nan ne masu son ƙura da fari, su ke tsotse shi har ya koɗe. Nakan daka ganyen dogon yaro, in jiƙa ya kwana, in tace, in ɗiga ruwan sabulu kaɗan, in fesa da yamma, bayan mako guda in sake.

Taki kada ka sa yanzu. Tohon da zai fito laushi gare shi, iska za ta ƙone shi a banza. Fure ma zai ɗauke ko ya yi ƙaranci, kada hankalinka ya tashi.

Sai ƙarshen Fabrairu, in dare ya fara ɗumi har an jingine bargo, sannan nake masa aski. Busassun rassa duka su tafi, dogayen kuma in rage kamar kashi ɗaya cikin uku, domin a sabon toho yake fure. Daga nan in zuba masa tafi biyu na kashin awaki da ya ruɓe sarai, in ƙara ruwa. Rassan da na yanke, masu ɗan ƙwari, nakan soke su a rairayi mai laima a inuwa, in kifa musu rabin gorar roba. Bara biyar na soka, biyu suka kama, ɗaya na mayar wa Gwaggo tunda nata akuya ta cinye.